Wasannin Sada Baƙi da Barkwancin Hausa: Nazari Daga Jega, Aliero da Maiyama

Akwai wasu wasanni da suka shigo ƙasar Hausa ta hanyar tarurrukan ƙara wa juna sani da liyafofin 'yan boko, waɗanda ake yi tun farkon zama domin baƙi su saki jiki da juna. A wani, kowa zai miƙe ya faɗi sunansa da na wanda ke kusa da shi. A wani kuma, mutum zai faɗi abu uku game da kansa, biyu gaskiya ɗaya ƙarya, jama'a su gano ƙaryar. Wannan maƙala tana ganin cewa wasannin ba su zauna daidai a nan ba, domin sun tarar da wata daɗaɗɗiyar hanya ta sada baƙi, wato barkwanci, ba su kuwa yi la'akari da ita ba.

Garuruwan nan uku na Jihar Kebbi sun dace da wannan nazari, saboda dukkansu matattarar baƙi ne. Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa tare da Gimbanawa bayan rasuwar mahaifinsa a 1818, ta zama babbar kasuwa a ƙarni na 19, inda fataken goro masu zuwa Gwanja ke yada zango. Aliero ta yi suna wajen noman albasa da sana'ar ɗori, ga kuma jami'ar da aka kafa a can a 2006. Maiyama kuwa tana bakin hanyar da ta nufi Koko da Yawuri. Mutanen da suka daɗe suna karɓar fatake da majinyata da matafiya ba za a ce ba su san yadda ake kawar da baƙunta ba.

Hanyar tasu takan fara da doguwar gaisuwa, sannan a tambayi baƙo inda ya fito. Amsar ita ce mabuɗi. Idan Bafillace ya ji baƙonsa Babarbare ne, ko Bagobiri ya ji Bayarabe ne, ko Bakano ya ji Bazazzagi ne, nan take sai ya ce ga bawansa ya zo, baƙon ya mayar masa da martani, 'yan kallo su yi dariya. Kafin a kawo ruwa, mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba sun zama kamar taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, masu neman kuɗin shara a watan Cika-ciki.

A nan bambancin yake. Wasan zamani yana ɗaukar baƙi a matsayin ɗaiɗaikun mutane, yana neman kowa ya buɗe cikinsa. Barkwanci ba ya neman sirrin kowa. Yana ɗora baƙo ne a kan wata dangantaka da ta riga shi zuwa duniya, saboda haka ba shi ake tsokana ba, asalinsa ne, shi ma kuma yana da ikon ramawa.

Illar wasan zamani takan fito fili idan ya yi karo da kunya. Alal misali, macen da aka ce ta faɗi sunan na kusa da ita, alhali sunan mijinta ne ko na ɗanta na fari, an sa ta zaɓi tsakanin saɓa al'ada da ɓata wasa. Haka nan dattijon da aka ce ya shirya ƙarya a gaban ɗalibansa. Wasan da aka kawo don sakin jiki sai ya ƙara ɗaure shi, mai jagora kuma ya ɗauka rashin wayewa ne.

Sai dai ba daidai ba ne a wanke barkwanci sarai. Radcliffe-Brown, a maƙalarsa ta 1940, ya bayyana shi da cewa raini ne da al'ada ta halatta, kuma hukumar UNESCO ta sanya na Jamhuriyar Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014. Amma halascin yana da sharaɗi: dole ɓangarorin biyu su san dokar wasan. Ɗalibin da ya zo Aliero daga wata al'umma wadda ba ta da abokan wasa a nan zai zama ɗan kallo kawai. Wanda kuma ya tashi a birni bai gaji wasan ba, in aka kira shi bawa, zagi zai ji. Wannan giɓi ne wasannin zamani suka zo cikewa, kuma giɓin na gaskiya ne.

Saboda haka abin da ya kamaci masu shirya taro shi ne su fara da abin da jama'a suka sani: gaisuwa, da tambayar asali, da barin abokan wasa su gano juna. Waɗanda ba su da abokin wasa kuma a haɗa su ta kacici-kacici ko karin magana, inda ba a tilasta wa kowa kiran sunan da yake jin nauyi. Aikin da ke gaban manazarta shi ne tattara jerin abokan wasa na wannan yanki daga bakin dattawa, tun suna raye.