Waƙar da Ke Rayuwa Bayan An Ɗauke Wuta

Duk inda iyaye suka haɗu, a gidan suna ko a zauren WhatsApp, da wuya a tashi ba a koka da waƙoƙin da yara ke kallo yanzu ba. Ƙorafin bai sauyawa: kiɗan kwamfuta ya yi yawa, baiti ɗaya ake ta nanatawa, ga launuka masu kashe ido. Daga nan sai a shiga tuna baya, zamanin da NTA ke buɗe tasha da yamma, mu yi dafifi a gidan mai talabijin ɗaya tilo a unguwa.

Kukan yana da tushe, amma a yi adalci. Tales by Moonlight, da NTA ta fara a 1984, da Turanci ake yin sa. Sesame Street kuwa daga Amurka aka kawo mana shi, kuma da yawanmu mun rera waƙoƙinsa ba mu san ma'anarsu ba. Rabin abin da muke kewa ƙuruciyarmu ce, kuma babu mawaƙin da zai dawo mana da ita.

Ainihin abin da ya sauya shi ne yadda waƙar ke isa ga yaro. A da, shiri yana da lokacinsa. Waƙar buɗewa kira ce, ta rufewa sallama ce. Da an gama sai manya su karɓe akwatin don jin labarai, yaro ya fita waje da waƙar a bakinsa, ya lanƙwasa ta yadda ya ga dama, ya koya wa wanda bai gani ba. A YouTube kuwa, kuɗin talla yana bin yawan kallo. Shi ya sa tashoshi irin Cocomelon ke harhaɗa waƙoƙi su kai awa guda ko fiye, wannan na ƙarewa wata ta ɗora da kanta. Waƙar ba ta sallamar yaro, riƙe shi take yi.

Nanatawa ma da muke zargi ba laifi ba ce. Baby Shark, da kamfanin Pinkfong na Koriya ta Kudu ya fitar a 2016, ta haye kallo biliyan 10 a Janairun 2022. Kafin nan, waƙa ce da yara ke rerawa a sansanonin hutu, suna kwaikwayon bakin kifi da hannuwansu. Ashe gininta bai yi nisa da na waƙoƙin gaɗa ba: gajeren baiti, maimaici, motsin jiki. Sai dai a dandali kowace yarinya tana da rabonta. Mai bayarwa ta bayar, sauran su amsa da tafi, in babu amshi waƙar ta mutu. A gaban waya, an riga an yi wa yaro amshin, nasa ido kawai.

An yi ƙoƙarin cike giɓin harshe. Sesame Square ya fara a NTA a 2011 da Zobi da Kami, daga baya aka yi na Hausa. Haka ma an fassara shirin Akili and Me na Ubongo, daga Tanzaniya. Aiki ne abin yabo, amma fassarar waƙa tana da tarko. Hausa harshe ne mai karin sauti: kukan jariri da kukar miya sautin ƙarshe ne kawai ya raba su. In aka cusa kalmominmu cikin karin da aka gina wa Turanci ko Suwahili, sai su fito a karkace, kuma a haka kunnen yaro zai ɗauka.

Don haka ma'aunin da ya kamata mu riƙe ba tsufan waƙa ba ne. In aka ɗauke wuta, ko data ta ƙare, yaro zai iya tayar da ita shi da ƙannensa? Ta bar masa gurbin amshi? Mawaƙan Kannywood sun cika mana wayoyi da waƙoƙin soyayya da na siyasa, 'yan shekara uku kuwa an bar wa Koriya da Amurka renonsu. Kafin mawaƙan su waiwayo, waƙar dandalin da muke iya tunawa tana bakinmu, kuma yaran suna tsakar gida.