"Ciwon Damuwa": Suna Ɗaya, Cuta Biyu

Sunan "ciwon damuwa" da kafafen yaɗa labarai na Hausa suka yayata ya yi rana, domin ya raba masu fama da lalurar da tambarin hauka ko shafar aljanu. Amma yana da illa: ya cusa cututtuka biyu a buhu ɗaya.

Ta farko ita ce fargaba. Mai ita gobe yake tsoro. Gabansa na faɗuwa, zuciyarsa na bugawa, tunani ya hana shi barci. Idan irin mai ɗorewa ce, likitoci kan duba ko ta kai wata 6. Ta biyu ƙuncin rai ce. Mai shi komai ya fice masa a rai, abinci ba ɗanɗano, jiki ya mutu, yana ganin kansa ba shi da amfani, kusan kullum har mako 2 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ma daban take ƙirga su: a 2019, mutum miliyan 301 ke da fargaba, miliyan 280 ke da ƙuncin rai.

To, ina ruwan mutumin Wurno da gardamar suna? A ce manomi biyu sun yi asarar amfanin gona. Ɗaya ya kasa runtsawa don tsoron bashi, ɗayan ya daina fita ko majalisa. Duka za a ce "damuwa ce", a ba su haƙuri, ko a sayo musu diazepam a kemis. Ƙwayar nan kan kwantar da fargaba na ɗan lokaci, amma ba ta warkar da ƙuncin rai, kuma jiki na sabawa da ita har a kasa bari.

Dabarun ma sun bambanta. Mai fargaba ya rage goro da shayi, ya riƙa jan numfashi a hankali, ya tunkari abin da yake gudu kaɗan-kaɗan. Mai ƙuncin rai kuwa ya koma ƙananan ayyuka da shiga mutane ko ba ya sha'awa, don sha'awar kan biyo bayan motsi. Sau da yawa cututtukan kan haɗu a mutum ɗaya, kuma magani irin fluoxetine na aiki a kan duka biyun, sai dai yakan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi.

Saboda haka in kun je asibiti, kada ku tsaya a "ina da damuwa". Ku fayyace: tsoro ne ko mutuwar zuciya, kuma tun yaushe? Wanda ya fara zancen kashe kansa kuwa, a kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure a ranar, ba sai gobe ba.