Mafakar da Emmet Fox ya gina a cikin zuciya

A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, dubban mutane kan cika manyan zaurukan birnin New York don sauraron Emmet Fox, haifaffen ƙasar Ireland, mai wa'azi a tafarkin da ake kira Sabon Tunani. Sharhinsa a kan Zabura ta 91 yana cikin littafinsa Power Through Constructive Thinking na 1940, kuma har yau ana sake buga shi.

Wannan zabura addu'ar neman tsari ce. Ta yi wa wanda ya fake ga Maɗaukaki alkawarin kariya daga annoba da kibiya da firgicin dare. Fox ya ajiye zahirinta ya ɗauki baɗini. A wurinsa, ɓoyayyiyar mafakar da aka ambata tana cikin tunanin mutum ne, kuma zama a cikinta shi ne yawan tuna Allah har tsoro ya rasa gurbi.

Inda ya fi burge ni shi ne wajen dabbobin aya ta 13. Zaki, in ji shi, matsala ce da ka sani, tana tsaye a gabanka. Maciji ita ce wadda ke kwance cikin ciyawa ba ka gan ta ba. Dodo kuwa tsohon ciwo ne da ya yi gida a can ƙasan zuciya. Duk wanda bashi ya taɓa hana shi barci zai gane zakinsa nan take. Harshen Fox mai sauƙi ne, kuma ya san cewa tsoro kan kayar da mutum tun kafin abin tsoron ya iso.

Sai dai akwai ƙaya a cikin wannan shimfiɗa. Fox ya mai da alkawari ya zama doka mai aiki da kanta: gyara tunani, kariya ta biyo baya. To, uwar da annoba ta ɗauke wa ɗa fa? In dai dokar ba ta kuskure, laifin ya koma kanta ke nan, ita ce ba ta iya zama cikin mafakar ba. Wannan ita ce maganar da abokan Ayuba suka yi masa yana zaune cikin toka, kuma a ƙarshen littafin Allah ya tsauta musu.

Littafi Mai Tsarki kansa ya riga ya yi gargaɗi game da wannan zabura. A Matiyu sura ta 4, ayoyinta na 11 da 12 Iblis ya janyo wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali, yana zuga shi ya diro tunda mala'iku za su tallafe shi. Yesu ya ƙi, ya ce ba a gwada Allah. Abin da Iblis ya nema shi ne a riƙi alkawarin tamkar laya, wadda dole ta ci in an cika sharuɗɗanta. Karatun Fox ya fi wannan ladabi nesa ba kusa ba, amma ya kusanci bakin ramin.

Mai zaburar yana magana ne da Wani, yana roƙo, yana jiran amsa. Mai karatun Fox kuwa yakan wayi gari yana gadin tunaninsa, yana fargabar kada mummunan zato ɗaya ya buɗe wa maciji ƙofa.