Kalma da Zubinta: Sharhi a kan Nahawun Zubi a Ingilishin Yau da Kullum

1. Gabatarwa

A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Saboda haka batun yadda ake bayyana nahawun Ingilishi ya wuce ajin kolej, ya shiga ofis. A cikin wannan maƙala za mu yi sharhi a kan wata hanyar nazari da ta bunƙasa a Ingila, wadda za mu kira nahawun zubi. Abin da muke nufi da zubi shi ne jerin da wata kalma ta saba jawowa a bayanta duk lokacin da aka yi amfani da ita. Ra'ayinmu shi ne wannan hanya ta gano gaskiya babba, watau zubi da ma'ana tare suke tafiya, amma gaskiyar tana da iyaka, kuma a bakin iyakar ne mai koyo yake yin tuntuɓe.

2. Daga lambobi zuwa rumbu

Tushen aikin yana ƙasar Japan. A can ne Harold Palmer da A. S. Hornby suka lura cewa ɗalibi yana iya sanin ma'anar aikatau sarai, ya kuma san ƙa'idojin lokuta, amma ya kasa gina jimla, domin bai san abin da ke biyo bayan aikatau ɗin ba. A cikin ƙamus ɗin da Hornby da abokan aikinsa suka fitar a Tokiyo a 1942, an kasa aikatau na Ingilishi cikin zubi 25, aka ba kowane zubi lamba. A 1954 Hornby ya keɓe wa batun littafi guda, A Guide to Patterns and Usage in English.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Ɗalibi ya samu inda zai duba ya ga dalilin da ya sa jimla ta (1) ta karɓu, ta (2) kuwa ba ta karɓu ba:

(1) She enjoys cooking. 'Tana jin daɗin yin girki.'
(2) *She enjoys to cook.

Rauninsa kuwa shi ne lamba ba ta faɗin kome. Ta nuna zubi tamkar kwano ne wanda babu abin da ya haɗa shi da tuwon da aka zuba a ciki. Masu ƙamus ɗin da kansu sun sauya lambobin da haruffa masu sauƙin tunawa a bugun 1989.

Sauyi na gaske ya zo daga Jami'ar Barmingam, inda John Sinclair ya jagoranci shirin COBUILD tun daga 1980. A maimakon manazarci ya ƙirƙiro misali da ka, sai aka tara miliyoyin kalmomi cikin kwamfuta, aka mai da su rumbu, ana duba kowace kalma tare da maƙwabtanta. Daga wannan rumbu ne Gill Francis da Susan Hunston da Elizabeth Manning suka fitar da littafin zubin aikatau a 1996, da na suna da sifa a 1998. A 2000 Hunston da Francis suka shimfiɗa ra'in a cikin Pattern Grammar.

3. Abin da hanyar ta gano

Babbar da'awarsu ita ce kalmomin da suka yi tarayya a zubi sukan yi tarayya a ma'ana. Mu ɗauki zubin da ya ƙunshi aikatau, sai mutum, sai into, sai aikatau mai ƙarewa da -ing:

(3) They talked him into selling the camel. 'Sun lallashe shi har ya sayar da raƙumin.'
(4) They frightened him into selling the camel. 'Sun tsorata shi har ya sayar da raƙumin.'

Aikatau talk shi kaɗai magana kawai yake nufi. Ma'anar 'sa mutum ya yi abin da bai yi niyya ba' daga zubin ta fito, shi ya sa trick da force da bully duk suke shiga cikinsa. Haka nan sauya zubi yakan sauya ma'ana ko da kalmar ba ta motsa ba:

(5) He stopped eating. 'Ya daina cin abinci.'
(6) He stopped to eat. 'Ya tsaya don ya ci abinci.'

A nan muna ganin hanyar ta yi nasara. Ta rushe katangar da aka daɗe da ginawa tsakanin ƙamus da nahawu, ta nuna sanin kalma bai cika ba sai an san zubinta.

4. Inda hanyar ta gaza

Gazawa ta farko ita ce ma'ana ba ta iya hango zubi. Rukunonin ma'anar da littattafan suka jera, bayan an ga kalmomin ne aka haɗa su. Mai koyo kuwa daga ɗaya ɓangaren yake tahowa: yana da ma'ana a zuciya, zubi yake nema. Idan ya bi kamannin ma'ana sai ya faɗa rami:

(7) Tell me the reason. / *Explain me the reason.
(8) We talked about the price. / *We discussed about the price.
(9) He is likely to come. / *He is probable to come.

A kowane layi kalmomin biyu ƴan uwan juna ne ta fuskar ma'ana, amma zubinsu ya sha bamban. Haka give da donate, haka wait da await. Nahawun zubi yana lissafa waɗannan, ba ya bayyana dalilinsu. Wani ɓangare na dalilin yana cikin tarihi: da yawa daga aikatau ɗin da suke ƙin ɗaukar karɓau biyu a jere, irin su explain da donate, daga Latin ko Faransanci suka shigo, alhali tell da give na tsohon gida ne. Rumbun da ke kallon harshen zamani kaɗai ba zai ga wannan ba.

Gazawa ta biyu ta shafi kalmar 'yau da kullum'. Mafi yawan abin da ke cikin rumbun Barmingam rubutu ne, jaridu da littattafai. Nahawun da Douglas Biber da abokan aikinsa suka fitar a 1999 ya nuna zubin hira ya bambanta da na rubutun ilimi. Alal misali, a hira galibi ana yar da that bayan think. Ban da wannan, akwai tambayar Ingilishin wa ake nufi. Jimlar da muka sa wa tauraro a (8) ana jin ta kullum a bakin masu ilimi a Nijeriya da Indiya. Idan har yawan amfani ne ma'auni, kamar yadda masu wannan ra'i suka dage, to da wace hujja za a kira ta kuskure? Shirin rumbun Ingilishin duniya da Sidney Greenbaum ya kafa, wanda ke ba kowace ƙasa kalmomi kimanin miliyan 1, har da Nijeriya, shi ne ya buɗe ƙofar amsa. Tauraron da ke (8) hukuncin Ingilishin jarrabawa ne. Ya kamata malami ya faɗa wa ɗalibi haka ƙarara, musamman ɗalibin Maraɗi ko Ƙonni wanda mafi yawan Ingilishin da yake ji daga ƙetaren iyaka yake fitowa.

5. Mai koyo Bahaushe

Batun zubi ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Tun 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji 7, inda siga da ma'ana da abin da ke biyo baya suke ɗaure da juna:

(10) Ya sayi doki. Ya saye shi. Dokin da ya saya.
(11) Ya sayo doki. Ya sayar da doki.

Bambancin shi ne a Hausa aikatau yana sanar da zubinsa a jikinsa, wasalin ƙarshe yana sauyawa. A Ingilishi kuwa explain da tell ba su ɗauke da wata alama. Sai an saurari abin da ya biyo baya. Bugu da ƙari, Hausa tana barin kusan kowane aikatau ya ɗauki wa ko ma: ya gaya mini, ya ce mini, ya bayyana mini. Faransanci ma yana da dis-moi da explique-moi a zubi ɗaya. Ke nan harsuna biyu ne suke tura ɗalibin Nijar zuwa ga *explain me, Faransanci kuma ya ƙara masa *depend of daga dépendre de, da *I want that you come daga je veux que tu viennes. Littattafan Barmingam ba su san da wannan ba, domin harshe ɗaya suka duba.

6. Kammalawa

Mun ga nahawun zubi ya fi tsarin lambobi, domin ya mai da ma'ana cikin lissafi. Mun kuma ga ma'ana tana taimaka wa mai koyo ya tuna zubin da ya riga ya gani, ba ta isa ta nuna masa wanda bai gani ba. Don haka muke ba da shawara biyu. Ta farko, kada a koyar da aikatau tsirara: a rubuta explain something to someone a allo, a haddace shi a dunƙule. Ta biyu, sassan harsuna na jami'o'inmu su tara rumbun rubutun ɗalibanmu, a ware kurakuran da suka fito daga Hausa, da na Faransanci, da waɗanda zubin Ingilishin maƙwabta ne kurum. Wannan aiki babu wanda zai yi mana shi daga Barmingam.