Gwarzon da ba shi da kirari

A Maraɗi yanzu yaro ba ya bukatar tikitin sinima. Ya isa ya kai waya bakin babbar kasuwa, a tura masa fim goma da ƴan daloli, ya koma unguwa su haɗa kai su biyar a kan allo ɗaya. Da haka na kalli Spider-Man: Into the Spider-Verse, ta bayan kafaɗar ɗan ƙanwata, wata ranar hutun lakwal. Sautin Faransanci ne, rabin yaran ba sa kama zancen, amma ba wanda ya ɗaga kai. Ba su ma kiransa da sunansa. Gizo-gizo suke cewa.

Sunan ya tsaya mini a rai, domin muna da namu Gizon tun kafin Stan Lee da Steve Ditko su zana nasu a 1962. Namu mai tsamin baki ne, mai kwaɗayi, mijin Ƙoƙi, ba ya ceton kowa sai cikinsa. Nasu maraya ne da nauyin birni ya hau kansa. In ban da saƙa, ba abin da ya haɗa su.

A fara da yabo, tunda fim ɗin ya ci a yaba masa. Ya fito a 2018, ya karɓi kyautar Oscar a 2019, kuma labarin Miles Morales ne, matashi baƙar fata da ya fara bayyana a littafin zane a 2011. Masu aikin sun kashe kimanin dalar Amurka miliyan 90 domin kwamfuta ta yi kama da takarda: ɗige-ɗigen tawadar ɗab'i suna nan a kumatun mutane, launi yana zamewa daga layi kamar injin buga littafi ya kuskure, tunanin yaron yana fitowa a rubuce cikin ƴan akwatuna. Dabarar da ta fi burge ni ƙarama ce. Lokacin da Miles yake koyon lilo a cikin daji, ana motsa shi da hoto 12 a daƙiƙa, malaminsa kuma da 24, sai ido ya ga rashin ƙwarewarsa kafin kunne ya ji an faɗa. Tun da aka motsa Superman a majigi a 1941, ba kasafai fim ya girmama littafin da ya haife shi kamar wannan ba.

Ƙarfin Miles bai ba yaranmu mamaki ba, kuma bai kamata ya ba su ba. Yana ɓacewa daga gani, mu mun san layar zana da baduhu. Yana taɓa abokin gaba ya sandare, mun san sagau. Wanda ya ga ƴan tauri ranar sallah a ƙofar fada, suna goga wuƙa a ciki ba ta kama su, ba zai tsaya yana al'ajabin mutumin da harsashi ba ya huda shi ba. Bambancin yana wajen inda ƙarfin ya fito. Na Amurka haɗari ne: ƙwaro ya ciji mutum, ko an haife shi a wata duniya, ba ya bin kowa bashi. Namu ana nemansa. Akwai wanda ya ba ka, akwai sharaɗin da ya gindaya, akwai abin da in ka ci ko ka taka, asirin ya karye. Mai laya ɗaure yake da mutane ta kowane ɓangare, labarinsa kuma labarin waɗannan igiyoyi ne.

Sai batun fuska. Darasin da fim ɗin yake ta nanatawa shi ne kowane mutum yana iya sa wannan abin rufe fuska ya zama jarumin. A Amurka wannan magana ce mai nauyi ga yaro baƙi, ban raina ta ba. Amma a je filin kokowa na Maraɗi, mai ɗauke da sunan Yakuba Ango Kantu, wanda ya fara cin takobin ƙasa a Tawa a 1975. Ɗan kokowa ba ya shiga fage sai ya ɗaga hannu ya yi kirari: ya faɗi sunansa, ya faɗi garinsu, ya lissafa waɗanda ya kayar, makaɗi yana amsawa. A Tibiri har yau in an ambaci Bawa Jan Gwarzo da suna da zuri'a ake ambatonsa. Gwarzo a wurinmu shi ne wanda aka san ubansa, domin in ya gudu akwai gidan da kunya za ta sauka. Mai rufe fuska da dare wani suna muke ba shi.

Wannan ya kai ni ga fim na biyu, wanda ya fi shafar mu. Roye Okupe, haifaffen Legas da ke zaune a Amurka, ya fitar da littafin zane mai suna Malika: Warrior Queen a 2017, kuma bai ɓoye ba cewa daga Sarauniya Amina ta Zazzau ya samo ta. Daular ma Azzaz ya kira ta, a ƙarni na 15. A 2019 aka mai da farkon labarin gajeren fim na kusan minti 15, kamfanin Anthill na Legas ya motsa zanen, Adesua Etomi ta ba da murya. Malika ba ta rufe fuska. Da sunanta take yaƙi, ita ke jan runduna, ba baƙon da zai zo ya cece ta. Na nuna wa ƴan matan gidanmu, na ga yadda suka gyara zama. Wannan kaɗai ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka, kayan namu ne, ƙashin na waje. Turanci take yi. Asirinta yana cikin takobi mai sihiri irin na finafinan Turai, babban abokin gabarta a littafin kuma daular Ming ce ta ƙasar Sin. A littattafan da suka biyo baya an ɗauke ta daga zamaninta an jefa ta a shekarar 2025, domin ta haɗu da sauran jaruman kamfanin, kamar yadda Marvel ke tara nasa. Me ya rasa a tarihin Amina har aka tafi aro? Littafin tarihin Kano ya ce shekara 34 tana yaƙi, ya ce Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Muhammadu Bello ya rubuta cewa ta ci Katsina da Kano. Mu da sarautarmu ta taso daga Katsina muna da dalilin kallon ta da ido biyu, kuma a nan ne fim yake: yadda ganuwa take ga wanda ke cikinta, da yadda take ga wanda aka tilasta wa ɗaukar ƙasar ginin ta. Goro dubu goma ya fi takobin sihiri faɗin mene ne mulki.

Za a ce mai suka bai san tsadar aikin ba. Gaskiya ne, Okupe da gudummawar masu karatu ya fara, sai a 2025 wani littafinsa, Iyanu, ya samu shiga manyan tashoshin talabijin. Amma Nijar tana da amsa tun da daɗewa. Mustafa Alhassan, wanda ya rasu a 2015 bayan shekaru yana zaune a Tawa, ya yi Bon voyage Sim a 1966 da ƴan layuka baƙi a kan fari, minti biyar, shugaban ƙasar kwaɗi yana ziyarar aiki, kuma duk wanda ya san bikin tarbar manya ya gane wa ake nufi. A shekarar ce ya yi Le retour d'un aventurier, inda saurayi ya dawo daga tafiya da akwatin kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sa huluna suka juya wa garinsu baya. Kusan shekara sittin ke nan da ya ga abin da rigar aro take yi wa mai sanye da ita. Da ya so yin fim a kan ƙarfi, Kokoa ya yi, da ƴan tsana na kwaɗi da hawainiya a fagen kokowa, da makaɗa da ƴan kallo.

Ɗan ƙanwata bai taɓa jin sunan Mustafa Alhassan ba, masu tura fim na kasuwa ma da na tambaya ba su da shi. Na samo Bon voyage Sim na sa masa a waya. Ya yi dariya sau biyu, sannan ya tambaye ni ko kwaɗon yana tashi sama.