Hannun Magini a Gidan Tarihi

Baƙon da ya shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana, tun kafin ya kai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da aka adana a ciki, sanyi ne ke fara yi masa maraba. In ya ɗaga kai, sai ya ga rufi ya lanƙwaso, aikin ƙasa da itace. Ana danganta gidan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Turawa ma sun zauna a ciki bayan sun ci Kano a 1903. Ginin ƙasa kuwa ba ya tsufa haka da lafiya sai da mai kula, domin kowace damina sai ta ci rabonta.

Gwanin magini ba ya fara aiki da kwaɓi. Da ruwa ya ɗauke, zagaye yake fara yi. Yana tafiya yana bubbuga bango da tafin hannu, kunnensa a kusa. Inda ya ji amo kamar na ganga, ya san yaɓe ya rabu da jikin gini ko da ido bai ga tsaga ba. Ya duƙa ya duba gindin bango, inda laima ke hawa, ya bi sawun gara, sannan ya hau soro ya leƙa indararo, wato hanyar da ruwan rufi ke zubowa. Indararo ɗaya in ya toshe, ya isa ya kayar da ɗaki.

Sai ƙasa. Ba kowacce ke yi ba. Yakan murza ta a tsakanin yatsu ya ji danƙonta. A jiƙa ta, a zuba ramno, wato busasshiyar ciyawa da ke hana ta tsagewa, yara su tattake da ƙafa, a bar ta kwanaki ta tsima, a sake takawa. Inda gini ya zube, ana cike gurbin da tubali, curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai wanda aka mulmula da hannu aka shanya a rana. Ana jera shi kai sama, a cusa kwaɓi a tsakani.

Yaɓen kansa abin kallo ne. Magini ya yayyafa wa bango ruwa don ya karɓi sabuwar ƙasa, ya ɗebo dunƙule ya maka, ya bi da tafi, ba ya barin gaɓa tsakanin tsoho da sabo. Daga nan sai makuba: ɓawon 'ya'yan ɗorawa ne ake dakawa a jiƙa, a kwaɓa ƙasar shafe da ruwansa, ruwan sama ya riƙa silalewa. Wuraren da ruwa ya fi duka kuma sai laso, wanda ake haɗawa da katsi daga gindin rijiyar marina, da ruwan dafara, da gashin dabba daga wurin majema. Ka ga ke nan marini da majemi duk suna da hannu a bangon da baƙo ke jinginawa.

Rufin ya fi komai ban mamaki. Azara, wato faskararren itacen giginya da gara ba ta cika ci ba, in ta yi tsawo da yawa ba ta ɗaukar nauyi. Don haka ake ɗora gajeru bisa gajeru, kowacce ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure da igiya, a rufe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo.

Mai gaggawa yakan ce a shafe komai da siminti a huta. Shekara biyu ko uku bangon yana sheƙi, laima kuwa tana maƙale a ciki ba hanyar fita, wata rana shafen ya ɓanɓaro gaba ɗaya ya tafi da naman gini.

A ganina, masu kula da gidajen tarihi irin Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa bai kamata su ɓoye gyara daga idon baƙi ba. A sanar da lokacin yaɓe, a kawo 'yan makaranta, a bar magini ya yi musu bayani da bakinsa, kowane yaro ya mulmula tubali ɗaya da hannunsa.