Hukumomi Sun Yi Yawa, Ƙwaya Kuma Tana Shigowa

Duk wanda ya fito sallar asuba yana ganin yaranmu a bakin tasha, ido ja, baki na kumfa. Shi ya sa na ce bari in yi magana a kan masu alhakin tsare mu daga wannan bala'i.

Hukuma dai ba a rasa ba. An kafa NDLEA tun 1989, NAFDAC a 1993, ga Kwastam, ga 'yan sanda, ga tsarin ƙasa na yaƙi da ƙwaya na 2021 zuwa 2025 wanda ya ce su haɗa kai. To, ina haɗin kan? A 2011 gwamnati ta janye NAFDAC daga tashoshin jiragen ruwa, ba a mayar da ita ba sai 2018. Shekara bakwai mai duba magani ba ya bakin ƙofa! Kodin ma ba a hana ba sai a Mayun 2018, bayan BBC ta tona asiri. Binciken da aka yi a shekarar ya nuna mutum miliyan 14.3 ke shaye-shaye a ƙasar nan.

Ni ɗan kasuwa ne, na san kaya ba ya tafiya da ƙafarsa. Tiramadol mai lamba 225, wanda doka ba ta yarda da shi ba, ba a Sabo ake yin sa ba. A kwantena yake shigowa, ya wuce shinge bayan shinge. Amma in an tashi kame, sai yaro mai sayar da ƙwaya goma a kwali, gobe a ce Hausawa ne.

Gaskiya tun zuwan Buba Marwa a 2021 ana kama manyan kaya, wannan mun yaba. Sai dai kamu kaɗai ba ya warkar da wanda ya riga ya faɗa. Uban da ɗansa ya kamu, ina zai kai shi da kuɗin da zai iya?

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun san shagunan, mun san masu ba su haya, muna sahu ɗaya da su. Ina roƙon Sarkin Hausawa da limamai a zauna da hukumomin nan gaba ɗaya, a faɗa mana ƙofa ɗaya da za mu kai rahoto ba tare da an tona mai kaiwa ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.